Ordinatar da ke Mutuwa a Hannun Maƙeri

Ku da kuke cika mini benci kullum da la'asar, kuna shan shayina kuna cewa gyaran ordinatar, wato kwamfuta, ba aiki ba ne, ku matso ku ji. Na san abin da kuke faɗi in na ba da baya. Wai Isufu ya tsufa, wai abin da yake kwana uku a kai ku kafin shayi ya tafasa kun gama. Gaskiyarku. Ai ku maganinku guda ne: formate, a share duk abin da ke ciki. Waya ta yi nauyi, formate. Ordinatar ta yi tari, formate. Da likitoci ne ku, duk wanda ya shigo da ciwon kai sai ku sare kan ku ce ya samu lahiya. Bara wata baiwar Allah ta taho tun daga Karofane da wayarta, ɗayanku, ba zan nuna shi ba, ga shi can shina duban ƙasa, ya share mata muryoyin da mijinta ya yi shekara huɗu shina aiko mata daga Libiya. Da ta fara kuka sai ya ce, "Amma Yaya, dubi yadda take gudu yanzu."

Ni ba da ordinatar na fara ba. Da radiyo na fara, wurin Malam Sidi, a wata rumfa bayan 'yan albasa cikin kasuwar Madawa. Allah Shi jiƙan shi, mutum ne marar fara'a. Shekarata ta farko ban taɓa ƙarfen dalma ba, ban taɓa mita ba. Abin da ya damƙa mini gwangwanin sardin ne babu komi ciki. In ya kwance radiyo, kowace ƙusa ya ciro in jefa ta gwangwani ina ƙirgawa da ƙarfi, in mun zo rufewa in sake ƙirgawa. Wata rana wani Buzu ya kawo radiyonshi, munka gyara, tana waƙa tar, mutumin har ya rataye ta ya durƙusar da raƙumi zai hau. Malam Sidi ya leƙa gwangwani ya ga ƙusa guda. Ya sa na bi shi na karɓo radiyon, munka sake kwance ta tun daga farko, Buzu na tsaye shina zagin mu da yarenshi. Malam Sidi ko kallon shi bai yi ba. Ni ya duba ya ce, "Abin da ya hita da abin da ya koma, in ba su zo daidai ba, ba ka gama ba, ko da tana waƙa."

Kayan aikina har yau ba su fi ƙarfin jakar nan ba: turnabis uku na kwance ƙusa, pansi na kamawa, ƙarfen dalma, mita, kile biyu na ajiyar tsari da ake soka wa injin, da tsohon burushin haƙori. Ku yi ta dariyar burushin. Ordinatar da ya ceta a garin ga sun fi waɗanda ku duka kunka taɓa buɗewa.

Ita ordinatar a Kwatano na same ta, shekarun da na tahi biɗa, wato ci-rani, kamar kowane ɗan Adar. Shara nake yi a wani gidan intanet, mai gidan ya ga ina da hannu ya jawo ni kusa. Shi ba ya sa wa injinanshi tsarin da ake saye, sai wancan na kyauta da kowa ke iya buɗe cikinshi ya karanta. Nan na san cewa ƙarƙashin 'yan hotunan nan da kuke latsawa akwai wani abu da ake kira noyo. Ba ku taɓa ganin shi ba, ba shi da hoto. Ku ɗauka sarkin kasuwa ne, memwar kuma, ƙwaƙwalwar injin, ita ce filin kasuwar. Kamara in za ta ɗauki hoto, imprimant in za ta buga takarda, ba su da inda za su aje kayansu sai sun roƙi noyo wuri. Ya nuna musu, su shimfiɗa tabarma, su yi abin da ya kawo su, su naɗe, wani ya samu. Duk wannan cikin ƙiftawar ido. Kowace na'ura kuma tana da ɗan tsarin da ke yi mata magana da noyo, shi ake ce wa pilot.

Inda gizo ke saƙa, noyo mutumin kirki ne, ya yarda da kowa. In pilot ya karɓi wuri ya tashi bai naɗe tabarmarshi ba, noyo ba ya bin shi. Wurin nan ya tafi ke nan: babu kowa bisa, kuma ba a ba kowa. Tun safe ana yi, kafin la'asar kasuwa ta cika da tabarmi babu mutane, sai wani ya zo da buƙata ta gaske a ce babu wuri, injin ya sandare. Ku sai ku kashe ku kunna, fili ya sharu, ku ce kun gyara. Aikin gaske shi ne ka gano wane ne ba ya naɗewa, da lokacin da yake ƙin naɗewa. Wannan kuwa ba a ganin shi da ido, sai an zauna an ƙirga.

Masu kawo aiki na ga iri-iri. Akwai wani darakta, ba zan faɗi biron da yake shugabanta ba, da anka ce mishi memwar ta cika, ya aiko in nemo mishi ekaran, fuskar injin da ake kallo, mafi faɗi don takardu su samu wurin zama. Akwai sakatariyar da ta ɗinka wa ordinatar rigar leshi har da aljihu, ta toshe duk ƙofofin iska, sa'annan ta kira ni wai injin na zazzaɓi. Waɗannan duk abin dariya ne, an yi an wuce. Wanda ba dariya ba shi ne aikin da na yi shekarar da damina ta yanke gero na cikin fidda kai, don a wannan aikin abincin gida guda ne ke rataye da ƙirgata.

Shekarar nan kuna ƙanana. Daga Buza har Keita akwai gonar da jaki guda ya kwashe amfaninta a sawu ɗaya. Maza sunka watse biɗa tun kafin sanyi, anka bar tsofaffi da mata. Ni kaina na yi wata uku ba wanda ya kawo mini ko radiyo, don wanda bai ci ba ba ya gyaran waya. Sai wani foroje, shirin agaji, ya zo da hatsi da irin shuka. Amma ba a ba ka sai da kart, wato kati, kart kuma na maigida ne, ba a yi mishi sai an ɗauki hotonshi ya ɗora babban yatsa bisa wani ɗan gilashi ya karanta zanen. In ya karanta, fitila ta yi kore. In ya kasa, ja. Ƙauye-ƙauye suke bi da motarsu kat-kat, kowane gari kwana huɗu. Ran na huɗu maigari ya ɗora nashi yatsa ya rufe lisit ɗin sunaye, su wuce gaba. Wanda bai shiga ba sai baɗi, in da rai.

Wata safiya kat-kat ɗinsu ta tsaya nan bakin gudron, titin kwalta, wani mutum ya sauko da riga mai aljihu goma sha biyu. Shef Lawali ke nan, shugaban tawagar. Bai gama sallama ba ya miƙo mini takarda.

"Kai ne tekinisiyan? Za mu tahi da kai bayan Garhanga ka duba injinmu, ka sa hannu nan cewa lahiyarshi lau."

Na ce, "Shef, in lahiyarshi lau, mi zan duba?"

Ya ce, "Lahiyarshi lau. Mutuwa kawai yake yi."

A hanya, muna hawan duwatsun nan muna gangarawa, ya ba ni labari. Kwana uku ke nan suna ƙauye guda. Kullum injin na aiki tun safe, sai la'asar ta yi wani tsohon maƙeri mai suna Arzika ya ɗora yatsanshi, sai ekaran ya sandare. Sau uku, a hannun mutum guda. Gari ya gama yanke hukunci: maƙeri ne, ƙarfe na jin maganarshi, shi ke kashe injin da asiri. Na ce, "Kai ma ka yarda, Shef? Kai da ka yi karatun lakkwal har Yamai?" Ya ce shi bai yarda ba, bai kuma ƙi ba. Sai da munka yi nisa na gane inda ya dosa. Duk lokacin da injin ya lalace dole ya rubuta pan, wato lalacewa, cikin rapor ɗin da yake aikawa, pan kuma in ta yi yawa sai a kira shi Yamai ya yi bayani a tsaye. A takardar rapor akwai gurbin pan, babu gurbin asiri. Saboda haka asiri ya fi mishi sauƙi, sa hannuna kaɗai ya rage.

Ƙauyen ba zan faɗi sunanshi ba, don har yau ina da masu kawo mini waya daga can. Mun iske tebur ƙarƙashin rumfar maigari, panno biyu na wutar sola a rana, batir a inuwa, Madam Rakiya mai buga injin tana zaune tana fifita da kwali. Layinsu kuwa ba irin na tasha ba ne, wanda ya riga zuwa ya riga shiga. Can kowa ya san wurinshi tun kaka da kakanni. Kowace rana a ɗebi rabo daga kowace unguwa, sanƙiran maigari ya jera su: gidan sarauta, gidan liman, manyan gidajen noma, baƙin da sunka zauna daga baya, sa'annan can bayan kowa, maƙeri. Ran nan ma ko layin ba a bar Arzika ya shiga ba. Maigari ya ce ya zauna can gindin wata aduwa, nesa da injin, har a rufe lisit.

Na tahi na gaishe shi. Dogon tsoho ne, hannuwanshi kamar fatar tsohon guga. 'Ya'yanshi uku duk sun tahi biɗa, sun bar mishi matansu da jikoki. Maƙeri kuma ba shi da wata gonar kirki. Shi ke ƙera wa gari hauya da lauje da gatari, in kaka ta yi kowane manomi ya kawo mishi dami. Bana babu dami ga kowa. Ɗaya daga surukanshi na gefe tana tace 'ya'yan anza masu ɗaci da sunka kwana uku a jiƙe, abin da ko akuya ke yi wa kallon banza in shekara ta yi kyau.

Na ce, "Baba, sun ce kai ke kashe injin."

Ya ce, "Haka sunka ce, ɗana. Ni dai abin da na sani, in ƙarhe ya yi ja in buga shi. Wanga ƙarhe nasu ko zahi bai yi. Kuma in da ina da asirin kashe shi, ai na raya shi zan nema, tunda abincina na ciki."

"Ba ni hannunka in gani."

Babban yatsan nan sumul yake kamar bayan cokali. Shekara hamsin na wuta da guduma sun cinye zanen tas.

Na koma tebur na roƙi Madam Rakiya ta dakata kaɗan kafin a fara. Allah Ya taimake ni, tsarin nan na kyauta ke cikin injin. Na sa kile na rubuta 'yan layuka, ba wani abin mamaki ba, gwangwanin Malam Sidi ne kawai: duk lokacin da noyo ya ba wata na'ura wuri a ƙirga ɗaya gaban sunanta, duk lokacin da ta mayar a ƙirga ɗaya a ɗaya gefen, can ƙasa kuma a nuna wurin da ya rage. Na aje 'yar baƙar tagar a kusurwar ekaran, na jawo kujera na zauna. Sanƙira ya fara kira.

Kamara ta karɓa ta mayar. Imprimant ta karɓa ta mayar. Gilashin yatsa ma, da wani ƙanen maigari ya ɗora, kore, ya karɓa ya mayar. Mutanen gidan liman, masu hannun tasbaha, duk kore. Har na fara tunanin yau zan ji kunya. Sai anka zo ga manoma. Na farko ya ɗora, ja. Na duba taga: an karɓa, ba a mayar ba. Madam ta goge mishi yatsa da tsumma ya sake, ja, wata tabarmar ta tafi. Sai a karo na huɗu ya yi kore. Matan da mazansu ba su nan, su ne masu gida yanzu, taɓarya da igiyar rijiya sun gama da hannuwansu, kowace sai ta yi ja biyar ko shida. Kai, na ji daɗi ran nan har na buga cinya! Ashe pilot ɗin gilashin in ya karanta yatsa shina naɗe tabarmarshi, in ya kasa sai ya tashi ya bar ta. Waɗanda sunka ƙera shi can ƙasarsu da yatsun 'yan biro masu zaman kujera sunka gwada shi, masu laushi kamar na jarirai. Bai taɓa kasawa gabansu ba, balle su ga halinshi. Gari duka ke cin memwar tun safe, kowa gwargwadon kantar hannunshi. Arzika ya zo a ƙarshe ya iske saura kaɗan, yatsanshi kuma ba ya karantuwa sam, Madam ta yi ta maimaitawa har abin ya ƙare a hannunshi.

Da azahar na jawo Shef gefe na nuna mishi. Na ce pilot ɗin na kamfani ne, a kulle yake, ba ni iya gyara shi nan, amma magani mai sauƙi ne: a riƙa kashe injin ana kunnawa bayan kowane mutum talatin, a kira Arzika lokacin da fili ke a share. Ya ce kowace kashewa injin na rubuta ta, Yamai na gani, su kuma pan suke kiran ta. Ya sake miƙo mini takardarshi da alƙalami. Na ce tukuna.

Na tahi wurin maigari na durƙusa, na yi mishi bayanin kasuwa da tabarmi tun daga farko, yadda na yi muku yanzu. Ya saurara da kyau shina gyaɗa kai. Da na gama ya ce, "Madalla, malam, ka yi karatu. Amma ni ido gare ni. Sau ukku hannun mutum guda. Yau ba shi kusa, ga injin lahiya lau. Mi kuma ka so in gani?" Na buɗe baki, ya ce an kira salla.

Madam Rakiya ta ce, "Malam Isufu, bar wahal da bakinka. Ni kwana uku ina gaya musu tsohon nan ko kaza ba ya iya kashewa da ido. Da la'asar maigari zai ɗora yatsa, lisit ya rufe, mu loda kaya. Ka ga matar can mai tace anza? Jiya ta zo ta tambaye ni ko ana karɓar yatsan jariri."

La'asar ta yi, layi ya zo ƙarshe, idona na kan taga. Saura wuri bakwai, mutum guda a layi. In an tafi haka maigari zai samu wuri, fitila ta yi kore, a rufe, Arzika na gindin aduwa. Ta ƙarshen wata tsohuwa ce da ta yi shekaru tana ɗaukar duwatsu a aikin tare ruwa. Ja, ja, ja, sai kore. Saura huɗu.

Na ce, "Madam, kamar zanen ga bai fito da kyau ba. A sake."

Ta dubi tagar, ta dube ni. Mace ce mai kai. Ta ce, "Gaskiyarka, bai fito ba. Inna, kawo ɗayan hannun."

Ja. Ja. Ja. Ja. Lambar ƙasa ta koma sifiri. Madam ta ce ai na farkon ma ya isa, ta ba tsohuwa kart ɗinta ta sallame ta. Kada in ji wani cikinku ya ce Isufu ya koya mishi kashe injin mutane. Shekara talatin ina aikin ga, sau ɗaya na yi, kuma ban yi nadama ba. Takardar Shef ban sa mata hannu ba, forojen nan kuma bai sake kira na ba har ya tashi.

Maigari ya fito da babbar riga, sanƙira na gaba shina kirari. Shef ya ciro wayarshi zai ɗauki hoto don rapor. Maigari ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya ɗora. Fitila ba ta yi kore ba, ba ta yi ja ba. Ekaran ya sandare da rabin zanen yatsan sarauta a kai.

Kowa ya juya wajen aduwa. Arzika na can ya jingina da itace, baki a buɗe, shina gyangyaɗi. Maigari ya bar yatsan bisa gilashi, ya rasa ko ya ɗauke ko ya bari. Sai sanƙira, Allah Ya ba shi baki, ya ɗaga hannu sama ya kwarara ihu.

"Kwarjini! Ƙarhen Nasara ya ga yatsan sarauta ya suma!"

Mata sunka ɗauki guɗa. Kun ji fa. Injin guda, mutuwa iri guda, a hannun maƙeri maita ce, a hannun maigari kwarjini. Shef dai gumi ya jiƙa mishi aljihu goma sha biyun nan, don lisit bai rufe ba, kuma ba ya iya tashi da shi a buɗe. Ya ce, "Tekinisiyan, yi wani abu mana!"

Da azahar na kawo gaskiya kasuwa ba wanda ya taya. Yanzu sai na kawo abin da gari ke saye. Na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, wannan ya fi ƙarfin turnabis. Ƙarfe in ya suma don kwarjini, wa ke tada shi a garin ga?"

Maigari ya dubi liman. Liman ya yi gyaran murya ya dubi carbinshi. Wani daga baya ya ce, "Sai maƙeri."

Maigari ya ɗauke yatsanshi a hankali ya ce, "A kira Arzika."

Tsohon bai yi sauri ba. Ya tashi, ya kakkaɓe riga, ya taho taku ɗai-ɗai, mutane na darewa suna ba shi hanya. Na raɗa mishi, "Baba, ɗora hannu bisa murfin ka faɗi abin da ka ga dama." Ni kuma na zura hannu ta baya na danne maɓallin. Arzika ya dafa injin ya ce da ƙarfi, "Tashi, ɗan banza, mutane na jin yunwa." Ekaran ya yi baƙi, ya yi haske. Anka ɗauki salati. Na ce kafin ƙarfen ya sake iya ɗaukar yatsan sarauta, sai ya fara karɓar hannun da ya tada shi.

Fili a share yake yanzu, amma yatsa bai sake ba. Babban yatsan dama, ja. Na hagu, ja. Madam ta shafa mishi ruwa, ja. Ta shafa mai, ja. Shef ya samu bakin magana ya ce, "Doka ta ce babban yatsa. Babu zane, babu kart. Kowa ya ga na yi iya ƙoƙarina." Ni kuwa tun safe na hangi wani ɗan maɓalli a ƙasan shafin da ke cewa in babban yatsa ya ƙi a ɗauki wani. Na nuna wa Madam. Ta ce wallahi ba a taɓa gaya musu ba. Horonsu kwana biyu ne a otel, rana guda ta tafi a jawabin buɗewa, guda a jawabin rufewa.

Munka shiga bin yatsu ɗai-ɗai. Manuni, ja. Na tsakiya, ja. Munka gama hannun dama munka koma hagu. Nan tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye muku ba. Ni na taso da tsohon nan gaban gari duka. In ya koma gindin aduwa hannu wofi, na ƙara mishi kunya bisa yunwa. Yatsa tara, ja tara. Saura ƙaramin yatsan hagu, wanda ya miƙe shi kaɗai can gefe kamar ba a hannun yake ba.

Na ce, "Baba, kawo wancan."

Ya ce, "Wanga? Wanga ai ba yatsa ba na. Jaki ya taka mini shi ina yaro, ya shanye. Bai taɓa riƙe guduma ba, bai taɓa riƙe awartaki ba. Ɗaukar shi kawai nika yi."

"Kawo shi dai."

Ba ya lanƙwasuwa, sai da Madam Rakiya ta juya hannun gaba ɗaya ta kwantar da shi bisa gilashi. Fitila ta yi kore. Imprimant ta yi ƙugi ta tofo kart. Surukar nan da ta biyo shi da ƙwaryar anza a hannu ta zauna ƙasa daɓas ta rufe fuska da zane.

Arzika ya karɓi kart, ya juya gaba ya juya baya, ya sa shi aljihu ya dafe. Sa'annan ya ɗaga ƙaramin yatsan nan daidai fuskarshi, ya daɗe shina kallon shi.

"Ikon Allah," ya ce. "Tara sun yi shekara hamsin suna ciyad da garin ga, hukuma ba ta san su ba. Wanga da bai taɓa aikin komi ba, shi ta sani."

Ya ja da baya ya ba maigari wuri, ya nuna mishi gilashin da ladabi.

"Bisimilla, ranka shi daɗe. Naka ba shi ba ta wahala."

Maigari ya ɗora. Kore, tashi ɗaya.